Yadda ake ƙalubalantar hukuncin PIP a Birtaniya idan rahoton tantancewa ya zo da kuskure

Wannan rubutun na 'yan'uwanmu ne mazauna Ingila da Wales da suka nemi kuɗin tallafin naƙasa na PIP, aka tantance su ta waya ko ido da ido, sai ga wasiƙa daga DWP, ma'aikatar ayyuka da fansho mai biyan kuɗin, wai basu cancanta ba ko an rage musu abinda suke karɓa, kuma da suka karanta dalilan sai suka ga kamar labarin wani mutum daban ake bayarwa. Na daɗe ina zama da mutane muna rubuta irin wannan ƙorafin, kuma abinda yafi damuna shine yawan waɗanda suke ninke wasiƙar su ajiye suce haka Allah Ya so, alhali doka ta basu hanya kuma kyauta ce. Idan a Scotland kake toh naku daban ne, tun 2022 Adult Disability Payment ake yi acan kuma kwana 42 ake bayarwa a nemi sake dubawa. Ireland ta Arewa PIP ne amma ma'aikata da fom ɗinsu daban. Wanda kuma bizarsa ta hana shi taɓa kuɗin tallafin gwamnati ya sani PIP na cikinsu, ya nemi shawarar masu harkar shige da fice tukuna.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Ba sunan ciwo ake biya ba, maki ake ƙirgawa. Akwai ayyuka 10 na rayuwar yau da kullum da 2 na zirga zirga, kowane ɓangare idan ka haɗa maki 8 kana da ƙaramin kaso, 12 kuma babban kaso. A Afrilun 2025 ɓangaren rayuwar yau da kullum ya kasance fam 73.90 ko 110.40 a sati, na zirga zirga fam 29.20 ko 77.05. Duk abinda zaka rubuta idan bai taɓa maki ba bazai canza hukunci ba komai gaskiyarsa.

Kayan da zaka tara kafin ka fara

Wasiƙar hukuncin kanta, duk shafukanta harda inda aka jera makin da aka baka. Lambarka ta National Insurance. Kwafin fom ɗin da ka cike da farko wanda ake kira PIP2, idan baka ajiye kwafi ba ka roƙi DWP su turo maka. Rahoton mai tantancewa, PA4 kenan, ko PA3 idan da takardu kawai aka yi ba'a yi magana da kai ba. Jadawalin ayyukan nan 12 da makinsu, yana shafin ƙungiyar bada shawara ta Citizens Advice kyauta, ka buga shi a takarda don zaka yi ta komawa kansa. Takardun asibiti da jerin magungunanka. Littafin rubutu, biro kala biyu, da fayil guda da komai zai zauna ciki. Sai mutum ɗaya da yasan yadda kake wuni, mata ko miji ko ɗa ko maƙwabci, domin shi zai tuna maka abubuwan da kai ka saba dasu har ka daina ganinsu a matsayin matsala.

1. Duba kwanan wata kafin komai

Wata ɗaya gareka ka nemi a sake duba hukuncin, kuma daga ranar da aka rubuta a saman wasiƙar ake ƙirgawa, ba ranar da ta faɗo ta ƙofa ba, wani lokacin sati guda ya riga ya tafi a hanya. Sunan matakin a takardunsu Mandatory Reconsideration, kuma dole sai an bi ta kansa kafin a je kotu. Ka rubuta ranar ƙarshe da manyan baƙaƙe a bangon fayil ɗin.

Idan watan ya wuce kar kace shikenan. Ana karɓar na makara har zuwa wata 13 daga ranar hukunci in akwai dalili, kamar kwanciya asibiti, rasuwa, ciwon ya tashi, ko baka samu mai karanta maka wasiƙar ba, sai dai ka rubuta dalilin a fili. Kuma ko sunƙi karɓa saboda makara, indai cikin wata 13 ɗin ne kana iya wucewa kotu.

2. Nemi rahoton

Basa turo shi da kansu sai ka tambaya. Ka kira lambar dake kan wasiƙar kace kana son kwafin rahoton tantancewarka, ka rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya ɗauka. Kuskuren da nake yawan gani anan shine mutum ya zauna jiran rahoto har wa'adi ya cika. Idan saura sati ɗaya bai iso ba ka tura gajeriyar wasiƙa kace ban yarda da hukuncin ranar kaza ba, ina neman a sake dubawa, cikakken bayani da shaidu na nan tafe, kar a yanke sai sun iso. Wannan ya isa ya riƙe maka wa'adin.

3. Karanta rahoton sau biyu

Karatun farko ranka zai ɓaci, wallahi na ga dattawa sun zubar da hawaye a wannan gaɓar, mutum yana fama da amosanin gaɓɓai ya ga an rubuta wai ya tashi daga kujera ba wahala, ko mai ciwon damuwa ya ga ance yana fara'a yana amsa tambaya da kyau don haka lafiyarsa ƙalau. Ka ajiye shi ya kwana. Washegari ka ɗauko biro biyun nan ka zauna da jadawalin maki a gefe. Jan biro na kuskuren da ya taɓa maki ne, shuɗi na wanda bai taɓa ba. An rubuta kana da 'ya'ya uku alhali huɗu ne, shuɗi. An rubuta kana girki da kanka alhali cewa kayi matarka ke yi sabida tukunya na suɓuce maka, ja.

Ka kula da wuraren nan da kyau. Na farko inda mai tantancewa ya rubuta abinda wai ya lura dashi, shigarka da yadda ka riƙe jaka da yadda ka zauna, domin daga kallon minti arba'in ake yanke hukuncin shekara guda. Na biyu inda aka ɗauki abu ɗaya aka gina wani akai, kana tuƙa mota don haka hannunka na iya yanka albasa, kana aiki don haka kana iya cuɗanya da mutane, baka ganin ƙwararren likita don haka ciwon ba mai tsanani bane. PIP bai hana aiki ba kuma baya duba albashi, sannan zama a layin jiran asibiti ba warkewa bane. Na uku inda rahoton ya ci karo da kansa, a shafi ɗaya yace kana shan maganin ciwo mai ƙarfi a wani yace ba alamar ciwo. Idan ta waya akayi amma aka rubuta abinda sai da ido ake gani, ja masa layi biyu.

Akwai kuma wanda daga bakinmu yake fitowa. An tambaye ka ya jiki kace Alhamdulillah da sauƙi, an tambaye ka wanka da bayan gida kunya ta hanaka faɗin cewa sai an kama ka, toh abinda ka faɗa shi aka rubuta. Wannan ma yana gyaruwa, ka rubuta cewa kunya ce tasa ban faɗa ba ranar, ga yadda abin yake.

4. Auna kowane aiki da sharuɗɗan doka

Nan ne ƙarfinka yake kuma nan rahotanni suka fi tsallakewa. Dokar PIP ta 2013 tace ba'a ɗaukar mutum yana iya aiki sai in yana iya yinsa ba tare da haɗari ba, yayi shi da kyau yadda ya kamata, ya iya maimaitawa duk lokacin da ake buƙata, kuma cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na mai lafiya ba. Ɗaya ya faɗi, a doka baka iyawa. Kana iya sa riga amma sai kayi minti ashirin kana hutawa, baka iyawa. Kana iya tafiya mita 60 da safe amma daga nan sai kwanciya har la'asar, ba'a ce kana tafiyar mita 60 ba. Mai farfaɗiya hannunsa lafiya lau amma a bar shi da wuta da tafasasshen ruwa shi kaɗai haɗari ne, wannan buƙatar mai sa ido ce, maki 4 a girki.

Sai dokar kwanaki, ana duba yadda kake a fiye da rabin kwanakin shekara. Masu sikila da masu ciwon da ke tashi yana kwantawa su lura da wannan sosai. Kar ka rubuta ranar da tafi muni kamar kullum haka kake, za'a gane kuma sauran maganarka ta rasa daraja, kar kuma ka rubuta ranar da kake jin daɗi. Kace a sati kwana huɗu ko biyar haka nake, sauran kuma haka.

Kayan taimako suna da maki kuma mutane na mantawa dasu. Kujerar zama a kicin ko a bandaki, ƙarfen dafawa a bango, abin sa safa, galibi maki 2 ne kowane aiki, kuma ko baka mallake su ba indai kana buƙata ana ƙirgawa. Haka taimakon da kake buƙata amma baka da mai yi maka. Sai an kama ka wajen shiga ko fita baho ko shawa maki 3. Sai an tuna maka ko an lallaɓa ka kafin kayi wanka ko girki maki 2. Wajen tafiya kuma, wanda baya wuce mita 20 maki 12, mita 20 zuwa 50 da sanda maki 10, ba sanda maki 8, mita 50 zuwa 200 maki 4. Yawancinmu bamu san mita 50 a ido ba sai mu ce eh kawai, don haka ka auna ta taswirar waya daga ƙofarka zuwa inda ka saba tsayawa.

5. Shaidu

Wasiƙar likita da tace wane yana da ciwon kaza bata ƙara komai, ba musun ciwon suke ba. Wadda take aiki itace mai cewa baya iya tsayuwar minti biyar, ya faɗi sau biyu a bandaki, hannun dama baya riƙe abu. In zaka roƙi likita ko nas ko mai gashin ƙashi ka kai masa jadawalin ka nuna ayyukan da kake magana akai. Wasu asibitocin GP suna cajin kuɗin wasiƙa, idan babu hali ka nemi kwafin bayanan lafiyarka, haƙƙinka ne kyauta kuma wata ɗaya garesu su bayar, da yawa ma suna cikin manhajar NHS a waya. Ka zaɓi shafukan da suka dace kawai kar ka jibga musu shafi ɗari biyu.

Idan babu takardar asibiti ko ɗaya mai amfani har yanzu kana da abu biyu. Littafin wuni na sati ɗaya ko biyu, ƙarfe nawa ka tashi, wa ya taimaka, me ka kasa, minti nawa wanka ya ɗauka. Da wasiƙar mai kula da kai, shafi ɗaya da sa hannu da kwanan wata, ya faɗi abinda yake maka da hannunsa. Kar ka raina su, shaidu ne. Kwafi zaka tura ba na asali ba, kuma kowane shafi ka rubuta sunanka da lambar National Insurance a sama.

6. Rubuta ƙorafin

Akwai fom CRMR1 a shafin GOV.UK, ko wasiƙa kawai, duk ɗaya ne. Ana iya yi ta waya amma ni bana so sabida baka da shaidar abinda ka faɗa. Da Turanci za'a rubuta, in Turancin bai zauna ba ka faɗa da Hausa wani ya juya maka sannan ya karanta maka kaji kafin ka sa hannu.

Aiki ɗaya sakin layi ɗaya, kuma kowanne abu huɗu: me rahoto yace, me ke faruwa a gaskiya, wace shaida, maki nawa ya kamata. Misali, tafiya. Rahoto a shafi na 14 yace ina wuce mita 200 domin ina zuwa kanti. Ɗana ne ke kaini a mota ya ajiye ni a bakin ƙofa, ina dafa keken kaya, ina zama kafin mu fito. Da sanda nake tafiya, wajen mita 30 ciwon gwiwa ke tsayar dani, kuma haka nake aƙalla kwana biyar a sati. Duba wasiƙar mai gashin ƙashi da littafin wuni. Maki 10 ya kamata a bani ba sifili ba. Shikenan, sai ka wuce na gaba.

Kar kace mai tantancewa maƙaryaci ne ko da zuciyarka na faɗa maka haka, kace abinda aka rubuta ba daidai bane ga daidai. Waɗancan na shuɗin biro ka haɗa su a layi biyu a ƙarshe. In kana son ƙorafi akan yadda aka yi maka, wannan hanya ce daban wajen kamfanin da yayi tantancewar, kana iya yi amma baya canza maki kuma baya tsayar da wa'adi.

Gargaɗi ga wanda aka ba wani abu yake neman ƙari: duk hukuncin ake sake buɗewa, yana iya hawa, ya tsaya, ko ya sauka. Ka ƙirga makinka da gaskiya, in wanda kake dashi ma da ƙyar ya kai 8 ka nemi shawara tukun, kuma ka rubuta a fili ɓangaren da ka yarda dashi.

7. Aikawa da jira

Adireshin dake kan wasiƙar hukunci zaka aika. Ka ɗauki hoton kowane shafi, a gidan waya ka karɓi shaidar aikawa, kyauta ce. Bayan sati biyu ka kira ka tabbatar ya shiga. Basu da wa'adin amsawa a doka, yana iya ɗaukar watanni, kuma in an hanaka gaba ɗaya ba'a biyanka lokacin jiran. In suka kira da ƙarin tambayoyi kana iya cewa a sake kira lokacin da mai taimakonka yake kusa.

Amsar takan zo kwafi biyu. Ka shirya zuciyarka, akasarin hukunce hukunce basa canzawa a wannan matakin, kuma anan ne mutane da yawa suke sarewa alhali gaba ce tafi kyau.

8. Ɗaukaka ƙara

Nan kuma wata ɗaya ne daga kwanan watan amsar, na makara har wata 13 da dalili. Fom SSCS1 ko ta intanet a GOV.UK, ba ko sisi, kuma kotun bata ƙarƙashin DWP. Alƙaluman ma'aikatar shari'a na shekarun nan suna nuna kusan biyu cikin uku na ƙararrakin PIP da aka saurara mai ƙara ne ke nasara. Dalilanka sune dai na mataki na 6, ka taƙaita, shaidu na iya biyo baya.

Za'a tambaye ka ko kana son a saurare ka ko a yanke da takardu kawai. Ka zaɓi a saurare ka, ido da ido ko bidiyo ko waya, don Allah kar tsoron kalmar kotu yasa ka zaɓi takarda, rahoton da ya ɓata ka shi zai yi magana a madadinka. In kana buƙatar tafinta ka rubuta Hausa a fom ɗin, su zasu kawo kuma su biya, basa yarda ɗan'uwa yayi tafinta. Ka rubuta ranakun da bazaka samu zuwa ba da duk wata buƙata kamar wurin keken guragu.

Wakili ba dole bane amma yana da amfani, ka gwada Citizens Advice, cibiyar lauyoyi ta unguwa, ko sashen haƙƙin tallafi na kansul ɗinku, kuma ka nema tun ranar da ka tura fom don layi ne dasu. In baka samu ba shafin intanet na Advicenow na da jagora kyauta, kuma mutane da yawa sunyi nasara su kaɗai.

9. Kundin takardu da kiran tayi

DWP nada kwana 28 su bada amsa, sai a turo maka kundi mai lambobin shafi. Ka duba ko duk abinda ka tura yana ciki, ka gyara ƙorafinka ya dinga nuna lambar shafin kundin. Wani lokacin zasu kira kafin zama suyi maka tayin wani kaso. Kar ka amsa nan take, kace a baka lokaci ka duba da jadawali. In ka karɓa ƙarar ta rufe, amma sabon hukuncin ma kana iya ɗaukaka ƙara akansa kai tsaye in bai kai abinda ya kamata ba.

10. Ranar zama

Mutum uku ne, alƙali da likita da wani masanin rayuwar masu naƙasa, a zagaye da tebur, wani lokacin da wakilin DWP. Yawanci baya wuce awa ɗaya. Baza'a duba jikinka ba kuma baza'a sa ka gwajin tafiya ba, amma suna kallo kuma zasu tambayi yadda ka zo, ka faɗi gaskiya harda abinda zuwan zai jawo maka gobe. Kaje da kundin da magunguna da sandarka da mutumin nan naka, ka ajiye rasit don ana maida kuɗin mota.

Abinda yafi rikita mutane shine yadda kake a ranar da DWP ta yanke hukunci suke tambaya, ba yau ba, ko da shekara ta wuce. Ka tuna wani abu na lokacin, azumi ne ko sanyi ko lokacin da aka canza maka magani, ka dinga amsawa daga nan. Tambayar da baka gane ba kace a maimaita, in ka gaji ka nemi hutu. Amsar eh ko a'a bata wadatarwa, kace eh amma, ka ƙarasa. Maganar bayan gida da wanka ka daure ka faɗa, in da nauyi ka rubuta a takarda ka miƙa. In alƙali ya gargaɗe ka cewa abinda kake karɓa na iya raguwa ka nemi a ɗage ka samu shawara, kana kuma iya janyewa.

11. Bayan hukunci

Wani a ranar ake bashi, wani ta wasiƙa bayan 'yan kwanaki. In kayi nasara za'a biya ka bashin baya tun daga ranar da ya kamata a fara, yakan ɗauki wasu satuttuka, kuma ka sanar da masu biyan tallafin Universal Credit da kansul don PIP na buɗe wasu ƙofofin, harda kuɗin tallafin Carer's Allowance ga mai kula da kai in ka samu ɓangaren rayuwar yau da kullum kuma ya cika sharuɗɗa.

In ba'a yi nasara ba kana da wata ɗaya ka nemi cikakkun dalilan hukunci a rubuce, ka nema ko da baka yanke shawara ba. Kotun sama bata sake sauraron labarin ciwo, kuskuren doka kawai take dubawa, kamar an tsallake sharuɗɗan nan huɗu ko ba'a faɗi dalilin ƙin wata shaida ba, don haka ka kai dalilan wajen mai bada shawara da wuri sabida neman izinin zuwa kotun saman ma wata ɗaya ne. Idan kuma jikin ya ƙara tsanani bayan ranar hukuncin farko, wannan sabuwar nema ce ko sanar da canjin hali, kuma ana iya yinta tun ƙarar tana gaban kotu, sai dai ka tambayi mai shawara tukuna domin sabon hukuncin zai taƙaita tsawon lokacin da kotu zata iya baka.